Karkacewar Ƙashin Baya da Wahalar Numfashi a Jikin Yara da Matasa

Gabatarwa

A gidaje da yawa tela ne yake fara ganin abin kafin iyaye. Za a kai yarinya 'yar shekara 12 awon ɗinkin Kirsimati, sai rigar ta ƙi zama daidai a jikinta: kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, gefe ɗaya na ƙugu ya shige ciki. Uwa za ta yi mata faɗa cewa ta riƙa miƙewa da kyau, maganar kuma ta wuce. Bayan shekara 2, sa'ad da yarinyar ta ƙara tsawo, sai a ga wani tudu ya fito a gefen bayanta, tana kuma haki in ta hau ɗan tudu da bokitin ruwa. A wani gida kuwa ƙaramin yaro ne yake kuka da dare saboda ciwon baya, yana ramewa, ya daina wasa, har wani ƙullutu ya fito a tsakiyar gadon bayansa.

Waɗannan matsaloli biyu asalinsu dabam ne, amma suna haɗuwa a wuri guda, wato ƙirji. Idan ƙashin baya ya lanƙwashe ƙwarai, ɗakin da huhu yake ciki yakan matse. Manufar wannan darasi ita ce iyaye, da malaman makarantar Lahadi, da shugabannin matasa su san yadda abin yake faruwa, su gane alamunsa da wuri, su kuma san inda za a kai yaro. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka kuma tun yana ɗanye ake miƙar da shi.

1. Yadda ƙashin baya da huhu suke aiki tare

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne wajen 33 da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a ƙasa. Ta tsakiyarsu laka take bi, ita ce take kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Idan aka dubi mutum ta gefe, bayansa yana da 'yar lanƙwasa ta halitta. Idan kuwa aka dube shi ta baya, ya kamata jerin ya sauko a miƙe daga ƙeya zuwa mazaunai.

Ƙasusuwa 12 na bayan ƙirji su ne suke riƙe da haƙarƙari, 12 a dama, 12 a hagu. Haƙarƙarin sun zagayo gaba sun yi wa huhu da zuciya keji. A ƙarƙashin kejin akwai faffaɗar tsoka mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wadda ta raba ƙirji da ciki. Huhu ba ya iya jan iska da kansa. Sai tsokar nan ta sauka, haƙarƙari kuma su ɗaga kamar mariƙin bokiti, sa'an nan ƙirji ya buɗe, iska ta shiga. Aikin ya yi kama da na zuga-zugin maƙeri. Idan fatar zuga-zugin ta ƙandare, ko aka matse ta a lungu, iskar da za ta kai ga wuta kaɗan ce, komai ƙoƙarin mai zugawa.

Akwai wani abu kuma da ya sa ƙananan yara suka fi shiga haɗari. Ba a haifar jariri da cikakken huhu. Ƙananan jakunkunan iska da suke cikin huhu, inda iskar oksijin take ratsawa zuwa jini, suna ƙaruwa da sauri a shekaru 2 ko 3 na fari, suna kuma ci gaba har wajen shekara 8. A shekara 10 faɗin cikin ƙirjin yaro bai wuce kimanin rabin na babban mutum ba. Duman da ya girma a tsakanin duwatsu biyu yakan ɗauki siffar matsatsin da ya samu, ba ya kuwa cika girma. Haka huhu yake a cikin ƙirjin da ya karkace tun yaro yana ƙarami.

2. Ire-iren lanƙwasar baya

Lanƙwasa iri biyu ce ta fi shafar numfashi.

Ta farko ita ce karkacewa zuwa gefe, wadda likitoci suke kira sikoliyosis. Ƙashin baya yakan kauce dama ko hagu, yana kuma murɗewa kamar igiya. Murɗewar ce take tura haƙarƙarin gefe ɗaya zuwa baya su yi tudu, na ɗaya gefen kuma su matsu da juna. Ana auna girman karkacewar a hoton ƙashi da ma'aunin digiri, bisa ga hanyar da wani likitan Amurka mai suna John Cobb ya bayyana a shekara ta 1948. Abin da bai kai digiri 10 ba, ba a lasafta shi ciwo.

Ta biyu ita ce ranƙwafawa zuwa gaba, wadda take kawo doro ko ƙusumbi. Wani doron a zagaye yake, wani kuma yana da tsini kamar gwiwa. Doro mai tsini a bayan ƙaramin yaro alama ce mai nauyi, gama sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashi. Yakan faru kuma yaro ɗaya ya haɗa biyun, karkacewa da doro.

3. Abubuwan da suke kawo ta

(a) Karkacewar ƙuruciya wadda ba a gano musabbabinta ba. Ita ce ta fi yawa, kusan 8 cikin 10 na masu karkacewar gefe. Takan bayyana daga shekara 10 zuwa sama, tana kuma samun kimanin yara 2 ko 3 cikin 100, ko da yake a jikin yawancinsu 'yar kaɗan ce. Takan bi jini a wasu iyalai. 'Yan mata ne ta fi tsananta a jikinsu, musamman a lokacin da suke miƙewa da sauri kafin su fara al'ada. Yawanci ba ta zuwa da zafi, shi ya sa takan yi nisa ba a lura ba.

(b) Wadda aka haifi yaro da ita. A makonnin farko na ciki wani ƙashi yakan fita rabi, ko biyu su manne, ko haƙarƙari su haɗe da juna. Irin wannan yaro ana duba zuciyarsa da ƙodarsa ma, domin a lokaci ɗaya suke ginuwa da ƙashin baya.

(c) Raunin jijiya da tsoka. Tsokoki ne suke riƙe ƙashin baya kamar igiyoyin da suke riƙe tanti. Idan sun yi rauni sai baya ya kwanta gefe. Ana ganin haka ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau. Da waɗanda aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya. Da waɗanda shan inna ta kama. Waɗannan su ne suka fi fama da ƙirji, domin tsokar numfashi da ta tari ita ma ba ta da ƙarfi. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar shan inna na ƙarshe a Najeriya a jihar Borno a shekara ta 2016, aka kuma tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na 2020. Duk da haka waɗanda ta riga ta taɓa suna nan cikin jama'a, allurar rigakafi da ɗigon baki kuma har yanzu wajibi ne.

(d) Tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tarin fuka, wadda Robert Koch na Jamus ya gano a 1882, ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Takan bi jini ta sauka a ƙashi, kusan rabin tarin fuka na ƙashi da gaɓoɓi kuwa a ƙashin baya yake. Takan cinye gaban ƙasusuwa biyu ko fiye, su rufta, baya ya karye zuwa gaba. Ruwan mugunya da ya taru yana iya danne laka, ƙafafu su mutu. Wani likitan Ingila, Percivall Pott, ya bayyana wannan ciwo tun 1779. Najeriya tana cikin ƙasashen duniya da tarin fuka ya fi yawa, saboda haka wannan ne dalilin da ya kamata a fara tunawa da shi in ƙaramin yaro ya soma doro.

(e) Laushin ƙashi. Yaron da ƙashinsa bai sami abin da zai ƙarfafa shi ba yakan yi gwame, wuyan hannunsa ya kumbura, haƙarƙarinsa su yi ƙulle-ƙulle, ƙirjinsa ya lotsa ko ya turo gaba. Binciken da aka yi a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna cewa a wurin yaran Najeriya ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban dalili, fiye da ƙarancin bitamin D, tun da yake rana ba ta yi wa ƙasar ƙaranci ba. Ƙirji mai laushin ƙashi ba ya jan iska da kyau, ciwon huhu kuma yakan yawaita.

(f) Doron samartaka. Wasu matasa, galibi maza, gaban ƙasusuwan bayansu ba ya girma daidai da bayansu, sai baya ya zagaye ya ƙi miƙewa ko an ce su miƙe. Yakan kawo gajiya da ciwon baya, amma da wuya ya taɓa numfashi.

4. Yadda karkacewar take taɓa numfashi

Abu na farko da zai kwantar wa iyaye rai shi ne, yawancin matasa masu karkacewa kaɗan ko matsakaiciya ba za su taɓa samun wahalar numfashi ba. Wani bincike da aka yi a jihar Iowa ta Amurka ya bi masu karkacewar ƙuruciya har shekara 50, aka buga sakamakonsa a 2003. Mafi yawansu sun yi rayuwa irin ta kowa, suna aikinsu suna riƙe gidajensu. Haki ya fi damun waɗanda karkacewarsu take a ƙirji ta kuma wuce digiri 80.

Haɗarin ya rataya ne a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, wurin: karkacewar bayan ƙirji ce take matse huhu, ta ƙugu ba ta cika yin haka ba. Na biyu, girmanta: daga wajen digiri 50 zuwa 70 na'ura takan fara nuna raguwar iska ko da yaro bai ji komai ba, in ta kai 100 kuwa zuciya ma tana iya shiga wahala. Na uku, shekarun da ta fara: wadda ta soma kafin shekara 10, balle kafin 5, ta fi haɗari nesa, gama ta tari huhu yana cikin girma. Na huɗu, ƙarfin tsoka: yaron da ba ya iya tari da ƙarfi majina takan zauna masa a ƙirji.

Matsalar tana tafiya daki-daki. Ƙirjin da ya ƙandare yana sa yaro ya riƙa numfashi gajere da sauri. Ƙasan huhun da ba ya buɗewa yakan tara majina, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama, ciwon huhu ya riƙa dawowa. Aikin numfashi yana cin ƙarfi, ci kuma yana raguwa domin ciki ya matsu, sai yaro ya rame. Da dare, sa'ad da tsokoki suka saki cikin barci, numfashi yakan ƙara raguwa, gurɓatacciyar iska ta taru a jini, yaro ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi a aji. Idan aka daɗe a haka, hanyoyin jini na huhu sukan tsuke, ɓangaren dama na zuciya ya gaji da turawa, ƙafafu su kumbura. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake so a tare tun da nisa.

5. Alamun da za a duba a gida

Yara da sun fara girma sukan daina tuɓewa a gaban iyaye, saboda haka sai an nemi gani da gangan. Ya kamata uwa ta duba bayan 'yarta, uba kuma na ɗansa, sau ɗaya ko biyu a shekara tsakanin shekara 9 da 15, a cikin ɗaki, cikin mutunci.

Yaro ya tsaya ba takalmi, ƙafafu a haɗe. A duba ko kafaɗa ɗaya ta fi tsawo, ko allon kafaɗa ɗaya ya turo, ko ratar da take tsakanin hannu da ƙugu ta fi faɗi a gefe ɗaya. Sa'an nan ya haɗa tafin hannuwansa ya sunkuya gaba, gwiwoyi a miƙe, hannuwa suna reto. Mai dubawa ya tsaya a bayansa ya kalli shimfiɗar bayan. Idan gefe ɗaya ya fi tudu, akwai murɗewa. Wannan gwaji wani likitan Ingila ne, William Adams, ya bayyana shi a 1865, har yau kuwa da shi ake fara dubawa a asibiti. Idan karkacewar ta ɓace sa'ad da yaro ya zauna, mai yiwuwa ƙafa ɗaya ce ta fi ɗaya tsawo, wannan kuma gyaransa dabam ne.

A kai yaro asibiti cikin 'yan kwanaki, ba sai an jira albashi ko girbi ba, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:
- ciwon baya da ya wuce mako 2, musamman mai tashin yaro daga barci;
- zazzaɓin yamma, zufar dare, rama, ko tarin da ya kai mako 2;
- ƙaramin yaro da ya ƙi sunkuyawa, yana dafa cinya in zai tashi, ko yana tafiya a ƙage;
- kowace irin lanƙwasa a bayan yaron da bai kai shekara 10 ba;
- ciwon kai na safe, da barci mara daɗi, da gyangyaɗi da rana.

A kai shi a ranar nan take idan ƙafafunsa sun fara rauni ko tuntuɓe, ko fitsari da bayan gida suna kuɓuce masa, ko leɓunansa da harshensa sun canza launi, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. Ana iya ƙirga numfashin yaro na minti 1 yana kwance shiru. Ya yi sauri idan ya kai 60 ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5.

6. Abin da asibiti yake yi

Likita zai tambayi tarihin yaron, ya gwada ƙarfin ƙafafunsa, ya sa a ɗauki hoton dukan ƙashin baya yana tsaye. Daga hoton ake sanin digirin karkacewar da kuma sauran girman da ya rage wa yaron. Wani lokaci akan nemi hoton MRI domin a ga laka. Ana auna huhu ta wurin sa yaro ya hura iska da ƙarfi cikin na'ura, ana kuma maƙala masa ɗan ma'auni a yatsa a ga yawan oksijin a jininsa.

Ga karkacewar ƙuruciya akwai matakai uku. Idan ba ta kai digiri 25 ba, sai a riƙa dubawa duk wata 4 zuwa 6 har yaro ya gama girma. Wannan sa ido ne, kada iyaye su ɗauka cewa an sallame su. Idan tana tsakanin digiri 25 da wajen 40, yaro kuma yana kan girma, akan ƙera masa rigar roba mai tauri daidai jikinsa. Rigar ba ta mai da baya yadda yake a dā, aikinta ta hana ƙaruwa. Wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, ya nuna cewa 72 cikin 100 na waɗanda suka sa rigar sun gama girma ba tare da karkacewarsu ta kai ta tiyata ba, a kan 48 cikin 100 na waɗanda ba su sa ba. Waɗanda suka fi daɗewa da ita a jiki kowace rana su ne suka fi cin riba. Rigar tana da zafi a lokacin bazara, matashiya kuma tana jin kunyarta, saboda haka ƙarfafawar gida ita ce rabin maganin. Idan karkacewar ta wuce digiri 45 zuwa 50, akan ba da shawarar tiyata, gama irin wannan takan ci gaba da ƙaruwa kaɗan kaɗan ko bayan an gama girma. A tiyatar ana sa sanduna na ƙarfe da kusoshi a daidaita ƙasusuwan a manne su. Paul Harrington na birnin Houston ne ya fara ƙera irin wannan sanda a shekarun 1950 domin yaran da shan inna ta karkatar.

Ƙananan yara ba a gaggauta manne musu ƙashi, domin hakan zai tsayar da girman ƙirji. Akan yi musu filasta a jiki ana canzawa bayan 'yan watanni, ko a sa sandunan da ake ƙara wa tsawo yayin da yaro yake girma. Masu doro mai tsanani akan fara ja musu baya a hankali na makonni da nauyin da aka rataya, abin da yake buɗe ƙirji kafin tiyata.

Tarin fuka na ƙashin baya magani ne yake warkar da shi. A Najeriya ana ba da maganin kyauta a cibiyoyin tarin fuka, na huhu wata 6, na ƙashi kuwa wata 12. Yaro yakan ji sauƙi cikin makonni kaɗan, a nan ne iyalai da yawa suke kuskuren dainawa, ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na dā. Dole a sha har ƙarshe, a kuma gwada dukan mutanen gidan, domin daga wani babba mai tari yaron ya ɗauka. Ko bayan warkewa, doron yana iya ƙaruwa yayin da yaro yake girma, don haka a ci gaba da kai shi dubawa.

Za a iya farawa daga asibitin da ya fi kusa, na gwamnati ko na mishan, a nemi takardar turawa. Akwai asibitocin ƙashi na ƙasa a Dala cikin Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu, akwai kuma sashen ƙashi a asibitocin koyarwa kamar na Jos da na Shika a Zariya. A Accra ta ƙasar Ghana akwai asibitin FOCOS, wanda Dokta Oheneba Boachie-Adjei ya kafa, aka buɗe a 2012, ya kuma yi suna wajen gyaran baya mai tsanani ga yaran Afirka.

7. Kiyaye huhun yaro a gida

Rigakafi ya fi magani. A yi wa jariri allurar BCG da haihuwa, a kuma kammala sauran alluran, har da na ciwon huhu da na ƙyanda da na tarin shiƙa. Macen da take shirin ɗaukar ciki ta fara shan ƙwayar folik asid tun kafin cikin ya shiga, domin tana rage haifar yara masu buɗaɗɗen ƙashin baya. A haihu a wurin da akwai ƙwararru, jaririn da idonsa ya yi rawaya kuma a kai shi asibiti ba jinkiri.

A nisanta yaro da hayaƙin itace, da na janareta, da na taba. A yi girki a waje ko a wurin da iska take ratsawa, kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. A ba shi abinci mai gina ƙashi: nono, madara, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, miyar kuka, zogale, wake da ƙwai. A bar shi ya yi wasa da gudu da waƙa gwargwadon ƙarfinsa, gama motsa jiki yana ƙarfafa tsokar numfashi. Ƙungiyar mawaƙa wuri ne mai kyau ga irin wannan matashi.

Yaron da ba ya iya zama da kansa yana bukatar kujerar da za ta tallafi bayansa, a riƙa juya shi, a ciyar da shi a zaune da ƙaramin cokali don kada abinci ya sarƙe shi ya faɗa huhu. Masu gashin ƙashi na asibiti suna koya wa iyaye yadda ake bubbuga ƙirji a fitar da majina. Kada a ba shi maganin barci ko maganin tari mai sa barci sai da izinin likita, domin suna rage numfashi.

8. Camfi, tsangwama da aikin ikkilisiya

Jakar makaranta, ɗaukar ruwa a ka, goyo da wuri, ko zama a karkace suna iya kawo ciwon baya, amma ba su ne suke murɗe ƙashi ba. Maɗori yana da wurinsa a idon jama'a, sai dai karkacewar baya ba karaya ba ce. Dannawa da takawa da ɗauri suna iya ji wa laka rauni, musamman in tarin fuka ya riga ya ci ƙashin. Tsaga da ƙaho da sakiya ba su kai wa ga ƙashi, suna dai cin lokacin da ya kamata a yi magani. Doro kuma ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko cin abinci tare. A cikinsa babu wani abin asiri ko na arziki kamar yadda miyagu suke yaɗawa, ƙashi ne da tsoka kamar na kowa.

Iyaye mata da yawa suna ɗauke da laifin da ba nasu ba, ana ce musu sun ƙetare wani abu, ko alhaki ne ya kama su. Sura 9 ta Bisharar Yohanna ta nuna yadda Ubangiji Yesu ya ƙi ɗora makantar wani mutum a kan zunubinsa ko na iyayensa. A sura 13 ta Bisharar Luka kuma ya kira macen da ta yi shekara 18 a tanƙware ta zo gabansa cikin majami'a, ya mai da mata da martabarta a gaban jama'a. Iyalin da suke addu'a domin ɗansu su riƙe katin asibiti ma, gama neman magani ba rashin bangaskiya ba ne.

Matashi mai doro yakan ji ciwon dariya fiye da ciwon baya. Wasu sukan bar makaranta, wasu a ɓoye su a gida in baƙi sun zo. Dokar ƙasa da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba su hakkin ilimi da aiki, amma daga gida da aji ne gyaran yake farawa. Yarinya mai karkacewar ƙuruciya tana iya yin karatu, ta yi aure, ta ɗauki ciki ta haihu, sai dai ta gaya wa likita tun farkon awo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin hoto, da riga, da mota zuwa Kano ko Jos sun fi ƙarfin gidaje da yawa, na tiyata kuwa ba a magana. Zumuntar Mata za ta iya gayyatar ma'aikaciyar jinya ta koya wa iyaye gwajin sunkuyo. Makarantun ikkilisiya za su iya duba ɗalibai sau ɗaya a shekara. Dattawa za su iya ware asusu, a kuma sami wanda zai riƙa tuna wa iyali ranar karɓar magani har watanni 12 su cika.

Kammalawa

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Karkacewar da aka gano a digiri 20 sa ido take bukata, wadda aka gano a digiri 30 riga, wadda aka bari ta kai 90 kuwa babbar tiyata ce mai tsada da haɗari. Tarin fukan da aka kama kafin ƙashi ya rufta yakan warke ba doro. Tsakanin waɗannan sakamako, abin da ya raba su sau da yawa shi ne minti 2 da uwa ko uba suka ɗauka suka dubi bayan ɗansu, da kuma saurin da suka yi bayan sun gani.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida da ƙungiya

1. Me ya sa karkacewar da ta fara kafin shekara 10 ta fi haɗari ga numfashi?
2. Yaya ake yin gwajin sunkuyo, wa kuma ya dace ya yi wa yarinya?
3. Waɗanne alamu ne suke nuna tarin fuka na ƙashin baya, wata nawa ake shan maganinsa?
4. Waɗanne maganganu ake faɗa a kan masu doro a unguwa, yaya za a gyara su?
5. Wane taimako ikkilisiya za ta iya soma bayarwa kafin ƙarshen wannan shekara?